Ta Kama Wi-Fi Amma Shafi Ya Ƙi Buɗewa: Inda Gizo Ke Saƙar

Bayan sallar isha'i ɗan yayata ya yi sallama, laftof a hammata, caja na reto a hannu. Ko zama bai yi ba ya ce, "Kawu, don Allah a duba min wannan abar. Ta kama Wi-Fi, ga alamar nan a cike, amma ko Google ba ta buɗewa. Na kai wa mai gyara ya ce sai dai a yi mata fomatin." Aikin makarantarsa na shekara biyu yana cikin kwamfutar, kuma bai ajiye kwafinsa a ko'ina ba. Na ce ya aje ta a kan tabarma ya zuba mana shayi, maganar fomatin kuma, wato goge komai da ke cikin kwamfutar a sake zuba mata Windows, a jingine ta tukuna.

Wannan matsala tana cin kuɗin mutane a banza, kuma abin da ke jawo hakan shi ne kalmar "ta kama". Layukan nan masu lanƙwasa da ke ƙasan allo ba su san komai game da intanet ba. Ƙarfin sigina kawai suke aunawa tsakanin laftof da rauta, wato na'urar raba Wi-Fi da ke kan tebur, ko MiFi ɗin da aka rataye a taga don ya samu sabis. Zare sim ɗin da ke cikin rautar ka jefa a aljihu, siginar za ta ci gaba da zama a cike, domin na'urorin biyu suna jin juna ras. Kamar wanda ya fito daga ɗaki ya iso zaure ne. Ya iso lafiya, amma ko ƙofar waje a buɗe take, ko akwai mota a bakin titi, ko direban ya san hanya, duk wannan magana ce ta daban.

Ita kanta Windows ta san da wannan bambanci. Duk lokacin da ta kama Wi-Fi takan aika a ɓoye zuwa wani shafin Microsoft mai suna msftconnecttest.com ta nemi wani ɗan guntun rubutu. In ya zo yadda take tsammani, sai ta nuna maka alamar da ka saba gani. In bai zo ba, sai ta sa hoton ƙwallon duniya ta rubuta "No Internet, secured". Mutane da yawa suna ganin kalmar ƙarshen sai hankalinsu ya kwanta, alhali abin da take nufi bai wuce cewa hirar da ke tsakaninka da rauta tana da makulli ba.

Kafin shafi ɗaya ya bayyana a allonka, sai abubuwa da dama sun yi daidai a jere. Sai rauta ta ba laftof ɗin lambar zama a gidan, wato adireshin IP. Sai rautar ita ma tana da hanyar fita zuwa kamfanin da ke sayar maka da data. Sai an samu wanda zai juya sunan shafin da ka rubuta ya koma lamba, don kwamfutoci ba sa kiran juna da suna. Sannan sai burauza ta gamsu cewa wanda ya amsa daga can shi ne wanda aka nema. Ko ɗaya daga cikinsu ya tsinke, abin da idonka zai gani iri ɗaya ne: farin allo da ɗan zobe yana juyawa. Saboda haka aikin gaba ɗaya shi ne gano gaɓar da ta tsinke, kuma kayan binciken da ya fi kowanne arha yana aljihunka.

Ɗauko wayarka, ka kashe datar sim ɗinta, ka haɗa ta da wannan Wi-Fi ɗin, ka buɗe wani shafi da ba ka buɗe ba yau. Kashe datar nan shi ne wurin da ake yin kuskure, domin wayoyin yanzu in suka ga Wi-Fi ba ya kai su ko'ina sukan zame su koma kan sim ba tare da sun faɗa maka ba, kai kuma ka ce ai Wi-Fi lafiya lau. Idan wayar ma ta kasa, to ka ƙyale laftof, ba ta da laifi. Duk abin da za ka yi mata daga nan an bar jaki ne ana dukan taiki.

A gidajenmu da yawancin rautoci da sim suke aiki, abu na farko da zan zarga shi ne data ta ƙare, ko wa'adinta ya cika. Rautar ba ta da bakin faɗa. Kamfanin ya turo saƙon gargaɗi, amma saƙon yana kwance a cikin akwatin saƙonnin rautar, inda ba mai leƙawa. Ana shiga wurin ta burauza ko da babu intanet, ta hanyar rubuta lambar rautar a inda ake rubuta sunan shafi. Ta Huawei yawanci 192.168.8.1 ce, wasu kuma 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, kuma kusan kullum an buga ta a jikin takardar da ke manne a ƙarƙashin na'urar tare da kalmar sirri. Na taɓa buɗe irin wannan akwati na tarar da saƙonni jibge na watanni, ba wanda aka taɓa karantawa.

Akwai kuma wadda ta fi wannan rikitarwa, wato datar da ake saya ta WhatsApp ko Facebook ko TikTok kaɗai. Mutum ya raba wa laftof intanet daga wayarsa, saƙonnin WhatsApp suna shigowa a wayar, sai ya rantse yana da data. Yana da ita, amma ƙofa ɗaya aka buɗe mata. Sannan tun daga Disamba 2020 da hukumar NCC ta ce a haɗa kowane layi da lambar NIN, aka kuma riƙa rufe layukan da ba a haɗa ba, musamman a 2024, layin da ke cikin rauta shi ne aka fi mantawa da shi, tunda ba wanda yake kira da shi.

Wani lokaci kuma abin ya fi ƙarfin gidanka da unguwarku. Ranar 14 ga Maris 2024, ana cikin azumi, manyan wayoyin intanet huɗu da ke kwance a ƙarƙashin teku, WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, suka samu matsala a gaɓar Kwaddibuwa. Intanet ya yi rauni ko ya ɗauke a Najeriya da Ghana da Laberiya da wasu ƙasashen yankin, harkokin banki suka tsaya cik a wurare da dama, gyara kuma ya ɗauki makonni. A ranar, alamar Wi-Fi a gidaje a cike take fal. Ban san adadin waɗanda suka kwashi kwamfutocinsu zuwa wurin masu gyara a wannan makon ba, amma na ga wasu da idona.

Idan ba data ba ce kuma ba gari ne duka ya ɗauke ba, kashe rautar daga soket, ka ƙirga talatin, ka mayar. Mai na'ura biyu, wadda wayar kamfani ke shiga da kuma mai raba Wi-Fi, ya fara kunna ta farkon ya jira fitilunta su natsu. Wutarmu da ke zuwa tana ɗaukewa sau biyar kafin azahar takan bar waɗannan na'urori a rikice.

A daren da nake ba da labari, wayata ta buɗe shafuka nan take. Ke nan ɓarawon yana cikin laftof.

Daga nan sai baƙin allon nan da mutane ke tsoro, Command Prompt. A latsa maɓallin Windows a rubuta cmd. Ba ya cizo. A rubuta ipconfig a latsa Enter, a nemi sashen da ke maganar Wi-Fi, a duba layi biyu: IPv4 Address da Default Gateway. Na farko lambar laftof ɗinka ce, na biyu lambar rauta, wato ƙofar zauren. A gida lafiyayye za ka ga wani abu kamar 192.168.8.101 da 192.168.8.1, lambobi ukun farko iri ɗaya, shaidar cewa 'yan gida ɗaya ne.

In kuwa ka ga lambar ta fara da 169.254, ka kama ɓarawo da hannu dumu-dumu. Laftof ɗin ta roƙi rauta ta ba ta lamba, ba a amsa mata ba, sai ta ƙirƙiro wa kanta ɗaya don kada ta zauna haka nan. Wannan lamba ba ta fita ko nan da ƙofa. Tsarin da ke rabon lambobin sunansa DHCP, kuma yakan cije in rautar ta rikice ko mutane sun yi mata yawa. Ƙananan MiFi da dama ba sa ɗaukar fiye da na'urori 10 zuwa 16, a gidan da kowane yaro ya san kalmar sirri, har da na maƙwabta, wannan adadi ba ya wuyar cika. Rubuta ipconfig /release sannan ipconfig /renew yana sa laftof ta ajiye lambar bogin ta sake roƙo.

Akwai kuma kwamfutar da ba ta roƙo sam, domin wani ya taɓa rubuta mata lamba da hannu. Wannan ya zama ruwan dare a laftof ɗin da ta taɓa zama a ofis ko makaranta ko shagon intanet, ko wadda aka saya ta hannu. Tana zuwa gidanka da adireshin tsohon gidansu tana nacewa a kansa. A rubuta ncpa.cpl a wannan baƙin allon, a shiga saitin Wi-Fi, a buɗe layin IPv4, a mayar da zaɓin lambar IP da na DNS, mai juya suna ya koma lamba, duka su koma na kai-tsaye.

Ta ɗan yayata lambarta daidai take, sai na koma ga ping. Zuwa da kai ya fi saƙo, to ping shi ne ƙwanƙwasa ƙofa ka ji ko za a amsa. Sau uku ake yin sa, kowanne ya fi na baya nisa. Na farko ping da lambar rauta. In nan ma babu amsa, matsalar tana tsakanin laftof da rauta: sigina ta yi rauni, ko manhajar da ke tuƙa katin Wi-Fi ta lalace. Na biyu ping 8.8.8.8, wata kwamfutar Google da ke can waje. In ta amsa, to ƙofa a buɗe take, kana fita duniya. Na uku ping google.com, da suna maimakon lamba.

Tsakanin na biyu da na uku ne abin yake da daɗin bincike. Idan lamba ta amsa amma suna ya ƙi, ka san hanya lafiya, mai fassarar sunaye ne ya kwanta. Shi ake kira DNS, wanda wani Ba'amurke, Paul Mockapetris, ya tsara a 1983, shekarar da aka rubuta shi kansa ping ɗin. Aikinsa kamar jerin sunayen da ke cikin wayarka ne. Yau mutum nawa ne ya haddace lambar matarsa ko ta mahaifinsa? Suna kawai muke latsawa. A goge jerin, ga kati a waya, ga sabis a cike, amma ba wanda za ka iya kira. Haka kwamfuta take zama in DNS ya ɗauke, kuma a nan ne Chrome ke rubuta saƙon da ya fara da DNS_PROBE_FINISHED. Wata alamarsa ita ce wasu manhajoji suna ci gaba da aiki, musamman waɗanda tun ɗazu suke a haɗe, amma sabon shafi ya ƙi.

Kada a ɗauka ƙananan mutane kaɗai wannan ke kamawa. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɓace na kusan awa shida, bayan wani kuskure da ma'aikatan kamfanin suka yi wajen gyaran hanyoyinsu ya sa sauran duniya ta kasa isa ga kwamfutocinsu masu amsa tambayar suna. Injinan suna nan a kunne, amma ba wanda ya san inda zai same su.

A gida maganin ba shi da wuya. A fara da ipconfig /flushdns don a zubar da tsofaffin amsoshin da laftof ta adana, wataƙila ɗaya daga ciki ta ruɓe. In bai yi ba, a koma wancan saitin na IPv4 a rubuta DNS da hannu: 8.8.8.8 na Google, wanda ya fara aiki a 2009, ko 1.1.1.1 na Cloudflare, wanda ya fito a 2018. Ni kaina haka nake barin tawa. Sai dai a sani, duk wanda ka ba wannan aiki yana ganin sunan kowane shafi da ka tambaya, saboda haka zaɓi ne na wanda ka fi yarda da shi, kuma kada ka karɓi lambar DNS daga wani bidiyo da ya yi maka alƙawarin data kyauta.

Ping ɗin nan duka ukun sun amsa a laftof ɗin yaron. Shayi ya fara hucewa, ni kuma na fara jin kunya.

Idan baƙin allo yana isa ko'ina amma burauza ba ta isa, to wani ne ya tsaya a tsakani. Mafi yawa ɗan aike ne da aka naɗa aka manta, abin da saitin Windows ke kira Proxy. Ofisoshi da jami'o'i suna sa shi don duk zirga-zirga ta bi ta hannunsu, wasu miyagun manhajoji ma suna sa shi don su riƙa leƙen abin da kake yi. Ka dawo gida, burauza tana ta miƙa saƙo ga ɗan aiken da ba ya nan, sai ta rubuta ERR_PROXY_CONNECTION_FAILED. Kashe shi a saiti ya wadatar.

Ɗan'uwansa shi ne VPN, manhajar da ke zagayawa da zirga-zirgarka ta wata kwamfuta a wani wuri, kuma mu a nan muna da tarihi da shi. Daga 5 ga Yuni 2021 zuwa 13 ga Janairu 2022, lokacin da gwamnatin Buhari ta dakatar da Twitter, jama'a sun yi ta sauke VPN na kyauta kala-kala. An buɗe Twitter, aka manta da su a cikin na'urori. Da yawansu suna da wani tsari na toshe intanet gaba ɗaya in suka kasa isa ga uwar garkensu, don kada asirin mai amfani ya tonu. Niyya mai kyau ce, amma in kamfanin ya rufe ko wa'adin gwaji ya ƙare, sai a bar ka da mai gadi wanda ya kulle ƙofa ya tafi da makulli. Rufe tagar manhajar ba ya isa, sai an cire ta ɗungurungum. Haka ma manhajar rigakafin ƙwayoyin cuta da ta zo da kwamfutar, kuɗinta ya ƙare shekaru uku da suka wuce, tana nan tana tace hanya ba bisa ƙa'ida ba.

Na duba, babu Proxy, babu VPN. Na ɗora yatsu zan rubuta netsh winsock reset, umarnin da ke mayar da hanyoyin sadarwar Windows yadda suke tun farko, wanda nakan ajiye sai an rasa mafita. Bayansa sai Network reset da ke cikin saiti, wanda ke goge duk kalmomin sirrin Wi-Fi da kwamfutar ta haddace, shi ya sa ba na gaggawar taɓa shi. Ko shi ɗin bai kama ƙafar fomatin wajen ɓarna ba, domin ba ya taɓa fayil ko ɗaya. Abin da ke ba ni haushi da wasu masu gyara ke nan. Fomatin yana warkar da rabin waɗannan cututtuka, gaskiya ne, kamar yadda rushe ɗaki ke maganin ɓeran da ke cikinsa. Ya fi musu sauƙi, ya fi kawo kuɗi, kuma ba sai sun yi tunani ba.

Kafin in latsa sai na ce, "Kai, buɗe min Chrome ɗin in ga abin da take cewa."

Ya ce, "Kawu, ai ba ta cewa komai. Wani jan abu kawai take nunawa."

Jan abin yana ɗauke da rubutu ɓaro-ɓaro: "Your clock is behind", a ƙasa kuma NET::ERR_CERT_DATE_INVALID. Na kai ido kusurwar allo. Agogon kwamfutar yana nuna wata rana tun yaron yana firamare.

Ga yadda abin yake. Kusan kowane shafi a yau adireshinsa da https yake farawa, kuma kafin burauza ta yarda ta yi magana da shi sai ya nuna mata takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa. Takardun ba sa daɗewa. Na Let's Encrypt, waɗanda shafuka masu ɗimbin yawa ke amfani da su, an saba ba su kwana 90 ne. Burauza kuma da agogon kwamfutarka take auna su. In agogon ya ce muna shekaru goma baya, takardar da aka bayar watan jiya a wurinta takarda ce daga gobe, sai ta ƙi karɓa. Shafi bayan shafi haka. Ping ba ya tambayar takarda, shi ya sa ya yi ta wucewa abinsa yana gaya min komai lafiya.

Abin da ke riƙe agogo in kwamfuta tana kashe wani ɗan batir ne mai kamar kwabo a jikin allon ciki, galibi irin CR2032. Yana shekaru, amma laftof 'yar Beljiyam ta riga ta ci rabin rayuwarta a wata ƙasa kafin ta iso kasuwarmu. Ta yaron babban batirinta ya daɗe da mutuwa, sai a jikin caja take rayuwa. Da ƙaramin ma ya bi sahu, duk ɗaukewar wuta sai ta manta ranar da take.

Masu tsohuwar Windows 7 suna da wata damuwar mai kama da wannan ko da agogonsu daidai yake. Microsoft ta daina kula da ita tun 14 ga Janairu 2020, Chrome ma ya tsaya mata a siga ta 109 a farkon 2023. Ranar 30 ga Satumba 2021 wata tsohuwar takardar tushe da Let's Encrypt ta dogara da ita ta ƙare, na'urorin da ba a sabunta su ba suka wayi gari shafuka da dama suna ƙin buɗe musu. Irin wannan gyara agogo ba ya yi masa magani, sai sabunta tsarin.

Na gyara kwanan wata da hannu, na latsa Sync now, na ce ya sake gwadawa. Shafin makarantarsu ya buɗe kafin ya ɗauke yatsa. Minti ashirin na ɓata a baƙin allo, amsar tana rubuce a farin tun shigowarsa, shi bai karanta ba don Turanci ne mai ja, ni ban karanta ba don na ɗauka na riga na sani.

Na ba shi filas ya kwashe aikinsa a nan take, ina zaune ina kallo. Washegari ya kai ta kasuwa aka kwance bayanta aka canza ɗan batirin, kuɗin bai kai na datar mako ba. Kafin ya fita da safen ma an ɗauke wuta, sai da ya sake saita agogon.